Tumunina a Gareji

Shekara biyu ke nan da rasuwar maigidana, kuma ban daina kuka ba. Ba na ɓoyewa. Akwai masu cewa da tsufana bai dace ba, ya kamata a ce na fi kowa dangana. Na dangana, hawayen ne ba su ji ba. Shekara arba'in da uku muka yi tare, ban san yadda ake sabawa da rashin mutum irin wannan ba. Ni ban yi makaranta ba. Autata ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa, na kuma roƙe ta kada ta gyara mini labari, har wuraren da ni ce na yi wauta.

Labarin motarsa nake so a rubuta, domin ita kaɗai ce ta zama tawa a cikin abin da ya bari.

Direba ne. Ya yi wa gwamnati tuƙi fiye da shekara talatin, kullum da sassafe yana ƙofar gidan wani babba a GRA yana goge gilashi. Da ya yi ritaya aka ba shi kuɗin sallama, bai yi shawara da kowa ba ya je ya sayo tsohuwar mota ruwan toka mai dogon baya. Da ita muke zuwa gonarsa a Miri, da ita ake kwaso masara da gyaɗa, da ita yake kai ni asibiti tun da gwiwoyina suka fara ciwo.

Bakanikensa ɗaya ne, ba ya kai ta wurin kowa sai shi. Garejin na kan hanyar Inkil, wani fili da aka kewaye da tsofaffin kwanon rufi. Mutum ne da ya haura hamsin, da furfura a gemu, amma maigidana ya san shi tun yana koyon aiki, shi ya sa bakaniken ke ce masa Baba, ni kuma Mama. Duk da wannan sabo, maigidana bai taɓa ajiye masa mota ya juya baya ba. Sai ya sa kujerarsa ta roba a bayan mota ya tafi da ita garejin, ya zauna a gindin darbejiya. Kafin sifana ta taɓa ƙarfe sai an faɗa masa abin da ya lalace da abin da zai biya. Idan wani abu za a canza, shi da kansa zai je shago ya sayo, tsohon da aka cire kuma sai an sa masa a leda ya taho da shi gida.

Na sha yi masa tsiya a kan haka.

"Malam, mutumin nan fa kamar ɗanka ne. Tsarewar ba ta yi yawa ba?"

"Ai don kamar ɗana ne," in ji shi. "Baƙo ina iya yi masa faɗa daga baya. Shi kuwa ba zan iya ba, gara a yi maganar tun farko."

"Tarkacen da kake tara mini a ɗakin ajiya fa? Miya za a yi da su?"

"Ki bar su. Sun ci miki tuwo ne?"

Sai in yi dariya in wuce. Ashe karatu yake ba ni, ban ɗauka ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, motar ta yi wata takwas a ƙofar gida ba a tayar da ita ba. Tayoyin suka sace, kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Ya rasu ranar wata Talata da hantsi, kansa a cinyata. Daga baya babban ɗana ya faɗa mini cewa a maƙabarta, bakaniken na cikin mutum biyun da suka shiga kabari suka karɓi gawar. Ya ce sai da aka riƙo shi kafin ya iya fitowa, saboda kuka. Kwana ukun zaman makoki kuwa bai buɗe gareji ba, yana ƙofar gidanmu yana shimfiɗa tabarmi yana naɗewa.

Bayan sadakar arba'in aka kira malami ya raba gado. Abin da aka bari ba shi da yawa: gidan da muke ciki, gonar Miri, da motar. Aka ce rabona tumuni ne, wato kashi ɗaya cikin takwas. Da aka yi wa motar kuɗi a yadda take, matacciya, sai ya zo kusan daidai da tumunin. Ina daga cikin ɗaki na aika cewa kada a ba ni kuɗi, a bar mini motar. Babban ɗana ya shigo ya durƙusa.

"Inna, ba ki iya tuƙi ba. Mota kuma ci take yi kullum. Ki karɓi kuɗin ki ajiye."

Na ce auta ta iya tuƙi, za ta riƙa kai ni asibiti. Wannan gaskiya ce, amma ba ita ce duka gaskiyar ba. Ba zan iya ganin baƙo ya shiga ya zauna inda yake zama ba. Ɗana ya ga fuskata, ya bar mini ita.

A lokacin ina cikin takaba, saura kusan wata uku in fita. Ba na leƙa waje, ba na zama da maza fuska da fuska. Da na yi haƙuri har in fita, da labarin ya zama wani. Amma kullum ina jin yara na hawa motar suna tsalle a kanta, sai in ji kamar a ƙirjina suke yi. Na aika a kira mini bakaniken.

Ya yi sallama daga zaure. Na zo na tsaya a bayan labule.

"Mama, ya ƙarin haƙuri?"

"Mun gode Allah. Ya iyali?"

"Suna gaishe ki. An ce kina nemana."

"Motar Babanku ce. Ni ta faɗo wa. Ina so ta tashi."

"Za ta tashi, Mama. Motar nan ba abin da ban sani ba a cikinta."

"To ka ɗauke ta, ka yi mata abin da ya kamata."

"Ki bar mini kawai."

Ga kalmar "nawa" a bakina, ina jin ta. Na kasa fitar da ita. Ta yaya zan yi ciniki da mutumin da ya karɓi mijina da hannunsa ya kwantar da shi? Kuma mace mai takaba, ko kwana hamsin ba a yi ba, a ji ta a zaure tana cewa a rage mata? Na ji nauyi, na haɗiye. A raina, abin da motar ke buƙata batir ne da tayoyi da sabon baƙin mai, domin lafiyarta ƙalau aka ajiye ta. Amma a raina kawai na faɗa. Na miƙa hannu ta gefen labule na ba shi wasu kuɗi daga cikin waɗanda 'yan gaisuwa suka kawo, na ce a fara da wannan. Ya ƙi karɓa har sau biyu, a na uku ya karɓa. Washegari aka zo da wata mota aka ja ta da igiya.

Duk Juma'a idan an sauko daga masallaci sai ya biyo ya gaishe ni. Wani lokaci da lemo a leda.

"Mama, ana kan aiki."

"Allah ya yi albarka."

Juma'a ta uku ya ce, "Mama, mun sauke inji."

Matar direba ce ni, na san sauke inji ba ƙaramin aiki ba ne. Maigidana ya kan ce idan aka sauke inji, aljihu ma an sauke shi. Kuma ba tambayata ya yi ba, faɗa mini ya yi bayan an gama. Nan ne ya kamata in ce ya tsaya. Abin da na ce shi ne, "To, Allah ya taimaka."

Wannan da ke rubutu ta tambaye ni a ranar. Tana wanke shinkafa ta ɗago kai.

"Inna, wai kun yi ciniki kuwa?"

"Da wa? Da wanda ya shiga kabarin ubanki?"

Ta ci gaba da wankinta. Yanzu da take rubuta wannan ta ce in ce ita ma ta yi laifi, da ta je garejin da kanta. Ba ta yi laifi ba. Ni na rufe mata baki.

Haka aka yi ta tafiya har na fita takaba. Bayan mako ɗaya ya zo da fara'arsa ya ce an gama, in zo in gani da idona. Muka hau keke mai ƙafa uku ni da auta. Ranar ce na fara ganin titi bayan wata huɗu da kwana goma, komai ya yi mini haske da ƙara da yawa.

Ban gane motar ba da farko. An yi mata sabon fenti, ruwan tokan ya fi na da duhu, tana ta ƙyalli a rana. An canza rigunan kujeru. Ya shiga ya murɗa makulli, ta tashi nan take, ba tari ba girgiza. Masu aiki a wurin suka taso suna cewa, "Mama, kin yi sabuwar mota." Na riƙe ƙarfen ƙofa ina kuka, su suna zaton na murna ne. Ni kuwa warin maigidana da na sani a cikinta ne babu. An wanke shi tas.

Sai ya kashe ta, ya laluba aljihu ya fito da wata takarda da aka yago daga littafin makaranta. Bai ba ni ba, auta ya miƙa wa, idonsa a ƙasa. Ta fara karantawa a bayyane. Batir. Tayoyi huɗu. Kayan cikin inji. Lagireto. Akwatin giya. Kayan birki. Fenti. Kujeru. Kuɗin aiki. Muryarta na raguwa tana tafiya, da ta zo ƙarshe sai ta matso ta raɗa mini a kunne. Jimillar ta ninka kuɗin da aka yi wa motar ranar rabon gado sau biyu, har da ɗoriya. Abin da na ba shi ta gefen labule ko tayoyin bai gama biya ba.

Aka kawo mini benci na zauna.

"Ɗan nan," na ce, "me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Mama, kina cikin takaba. Da wane baki zan zo zaure in yi miki maganar kuɗi? Na ce bari in gama tukun. Motar Baba ce, ban so in yi mata aikin rabi da rabi ba."

Na yarda har yau cewa a wannan bai yi ƙarya ba. Ni na ji nauyin tambaya, shi ya ji nauyin faɗa, muka yi ta gaisawa wata uku kuɗi na hawa a tsakaninmu.

Auta ta ce a ba mu makulli mu tafi da ita, a riƙa biya a hankali. Sai ya ƙara sunkuyar da kai. Ashe kayan duka bashi ya ɗauko a shagon wani mai sayar da kayan gyara, mutumin kuma ya ce motar ba za ta fita daga garejin ba sai an biya shi. Takardun motar ma, da ke cikin 'yar akwatin gaba, suna hannunsa. Muka dawo gida a keke kamar yadda muka je.

Ina da maƙwabciya da muka yi shekara ashirin katanga ɗaya. Kirista ce daga kudancin jihar nan, ta yi aikin ofis har ta yi ritaya, muna ce mata Maman biyu saboda tagwayenta. Ita ta riƙa dafa mana abinci a kwanakin makoki. Da ta ji abin da ya faru ta shigo ko sallamar kirki ba ta yi ba, ta sa auta ta karanta mata takardar sau biyu.

"Yaya, wa ya ce masa ya yi fenti?"

"Ba kowa."

"Giya fa? Kin ce a canza?"

"Ce masa na yi ya yi abin da ya kamata."

Ta tafa hannu ta zauna a bakin gado. "Wannan maganar ce ta kashe ki. Amma duk da haka ba shi da gaskiya. Ko likita sai ya tambaye ki kafin ya yanka ki. Kayanki ne. Haƙƙinki ne a faɗa miki kuɗin kafin a fara, a rubuta a takarda kowa ya riƙe tasa. Idan ya buɗe ya ga wata matsala, ya ajiye sifana ya kira ki. Ba ki da waya ne? Kuma ina rasit na kayan da ya ce ya sayo? Ina tsofaffin da ya cire? Su ma naki ne."

Na ce ai ba da mugunta ya yi ba.

"Ban ce mugu ba ne. Amma kunyarsa ke za ki biya, ba shi ba."

Ta ce akwai ofishin gwamnati da ke sauraron ƙorafin waɗanda aka cuta a ciniki ko a aiki, za ta raka ni. Na ce ba zan kai shi gaban hukuma ba. Muka yi ta ja, har ta ce to aƙalla a kai maganar wurin shugaban kanikawan wannan layin, tunda su ma suna da nasu zaman sulhu. Wannan na yarda da shi.

Aka sa ranar Asabar da safe. Shugaban wani dattijo ne mai gyaran jikin mota, kunnensa ɗaya ba ya ji sosai saboda bugun guduma. Aka zauna a rumfarsa: ni, auta, Maman biyu, bakaniken, da mai shagon kayan gyara, wanda ya zo da rasit ɗinsa a jaka. Dattijon bai yi dogon bayani ba. Ya juya lafiyayyen kunnensa wajen bakaniken.

"Ka faɗa mata kuɗi kafin ka fara?"

"Ban faɗa ba, Baba."

"Da za ka sauke inji ka nemi izininta?"

"Na sanar da ita."

"Kafin ko bayan?"

"Bayan."

"Fenti ita ta ce?"

"A'a. Na ga rana ta cinye na da."

"Rana ta cinye nawa gemun ma, ba wanda ya shafa mini fenti," in ji dattijon. Wasu suka yi dariya, ni ban iya ba. Ya juyo wajena. "Hajiya, ke kuma da kika ba shi, kin yanka masa iyaka?"

Na ce ban yanka ba. Ban je Makka ba, amma ban gyara masa ba.

"To kin ga. Shekarata arba'in a wannan aiki, rigimar da ta fi yawa a rumfar nan ba ta baƙi ba ce, ta 'yan uwa da abokai ce. Baƙo yana tambayar kuɗi."

Daga nan aka bi takardar ɗaya bayan ɗaya, ana haɗawa da rasit ɗin mai shago. Da aka zo kan akwatin giya sai na ji bakina ya buɗe da kansa. Na ce wannan ban yarda ba. Maigidana ya canza shi damina ɗaya kafin ya kwanta ciwo, a wannan garejin, kuma na tuna domin masarar da muka so mu ajiye ce aka sayar aka saya. Bai yi tafiyar kirki da shi ba. Me zai lalata shi yana ajiye a ƙofar gida?

Dattijon ya ce, "Ina tsohon?"

Da bakaniken ya yi magana, da ƙyar aka ji. Ya ce wani mai motar haya ya zo a matse, giyarsa ta mutu, irin ta motarmu ce. Ya cire namu ya sa masa, da niyyar idan an samo wani a mayar. Mutumin ya biya rabi ya tafi, bai dawo ba. Shi ne ya ɗauko wani a shago ya sa a tamu, ya rubuta a takardata.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba ni na yi abin ba. Na kasa kallonsa. Maman biyu ta buɗe baki, na dafa gwiwarta na hana ta.

"Sauran tsofaffin kayan fa?" in ji dattijon. "Lagireton, da na cikin injin?"

Ya ce an sayar wa 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, tun tuni.

Dattijon ya yanke magana. Kuɗin giya bakaniken ne zai biya daga aljihunsa. Fenti da kujeru shi ma, tunda ba wanda ya sa shi. Kuɗin aikinsa ya faɗi gaba ɗaya. Amma sauran kayan da mai shago ya bayar suna jikin motata, kuma mai shago bai yi wa kowa laifi ba, dole a biya shi. Auta ta ce to a cire nasa a mayar masa, a sa mana namu na da, ko da motar za ta koma matacciya mu ja ta zuwa gida. Dattijon ya girgiza kai.

"'Yata, da tsofaffin suna nan, da haka za a yi. Babu su. Idan aka cire waɗannan, gwangwani za ku kai gida. Kuma kayan da aka riga aka ɗaura, shago ba ya karɓarsu a kuɗin sababbi."

Sai a lokacin na gane amfanin ledojin da maigidana ke dawowa da su.

An rage mini da yawa, ba zan ce ba a yi mini adalci ba. Amma abin da ya rage ya fi ƙarfina nesa. Ba ni da gona, ba ni da fansho a hannu, 'yan kunnen zinarina sun tafi tun lokacin jinyarsa. Mai shago ya ba mu wata ɗaya.

A cikin watan nan 'ya'yana sun yi iya ƙoƙarinsu. Babban ya ce zai jinginar da rabonsa na gonar Miri. Auta ta ce za ta karɓi ɗaukar farko a adashen malaman makarantar da take koyarwa, ta kuma ci bashin albashi. Maman biyu ta sake dawowa da maganar ofishin nan, ta ce da abin da ya amsa da bakinsa a kan giya, za a iya tilasta masa ya ɗauki fiye da haka. Ta yiwu gaskiyarta ce. Har yau ina juya abin a raina, wani lokaci in ga na yi daidai, wani lokaci in ga tsoron bakin mutane ne kawai na sa wa sunan mutunci. Amma na san yana da 'ya'ya bakwai, na kuma san abin da aka ɗora masa ma sai ya sayar da wani abu kafin ya biya. Gonar kuwa abincin jikokina ce. Ba zan cinye ta saboda ina son in riƙa ganin mota a ƙofar gida ba.

Saura kwana uku watan ya cika, na ce a nemo mai saye.

Dattijon ne ya samo shi, wani mutum mai jigilar kayan gwari daga ƙauyuka. Wannan karon an yi komai a fili. Aka faɗi kuɗi a gaban shaidu, aka rubuta, auta ta karanta mini, na dangwala yatsa. Aka ware na mai shago aka ba shi, ya miƙo takardun motar. Abin da ya saura aka ƙirga mini a hannu, bai kai rabin tumunina ba.

Na roƙi mai sayen abu ɗaya, ya sauke ni a gida da ita. Ya ce ba komai, Mama. Auta ta shiga baya da Maman biyu, ni na zauna a gaba. Muna fita daga garejin na hango bakaniken a tsaye a bayan wata babbar mota, hannunsa riƙe da tsumma. Ya ɗan matso kamar zai zo, sai ya tsaya. Ni ma ban ɗaga masa hannu ba. Ba fushi ba ne, ban san me zan ce masa ba ne, kuma tun daga ranar ba mu sake haɗuwa ba.

Motar ta yi tafiya lafiya lau, ba ta taɓa daɗin tafiya irin na ranar ba. Mutumin yana ta yaba ta, yana cewa wanda ya yi aikin injin nan ya san hannunsa. Na ce haka ne. Ya tambaye ni ko ta mai gidan ce, na ce eh. Ya ce Allah ya jiƙansa, ya rage gudu har muka iso.

A ƙofar gida auta ta riƙe ni na sauko. Ya juya motar a hankali saboda kwata, ya yi mana sallama ya tafi. Na tsaya har ya sha kwana. Maƙwabta sun fito suna kallo, wata ta ce in shiga ciki rana ta yi zafi. Na ce to. Na zauna a dakalin ƙofa, ban shiga ba sai da aka kira la'asar.